Wadda Ta Sa Kajin Garinmu Azumi

Idan ruwan bana ya sauka, shekara biyar ke nan da rasuwar 'yata ta fari. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda muka yi a zauren mai unguwa ina goye da autana, don haka mai karatu ya yi haƙuri idan ya ga ina tafiya a hankali. Sana'ata koko, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal yake ratsa gonakin shinkafa rani da damina.

Tunda 'yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso muka tarar, uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ƙannenta suna ce mata Yaya, ni kuma in ce Yayarsu. Mahaifinta ma haka yake cewa. Sunan nata ya yi kama da wata kalma da kowa yake faɗa kullum, to ita ma kalmar na bar ta tun ranar suna, sai dai in kewaya. Mutum ɗaya ce take ƙwala mata kira da cikakken sunanta har a ji a bayan katanga, wato Iya, kakarta, mahaifiyar maigidana. Iya ta bi ta bayan shekara biyu. Daga ranar sunan ya fita daga gidanmu. Ban damu ba, don a ganina aikin da ta bari yana kiran sunanta a madadina. Abin da ya faru a bazarar nan ne ya nuna mini ba haka ba ne.

Mun je suna a unguwarmu, mata sun cika tsakar gida ana fifita da murfin kwano, hira ta gangaro kan zafi da yadda kaji suke mutuwa. Sai wata amarya mai suna Zainab, wadda aka kawo mana daga Madobi bara, ta ce ai akwai dabara, sunanta azumin kaji. Ta ce daga hantsi har la'asar ba ci ba sha.

Na ce, "'Yata, ci ne kawai ake ɗaukewa. Ruwa kuwa ƙara musu ake yi."

Ta ce, "Inna, a waya na gani fa. Azumi ai azumi ne. Ke wa ya gaya miki?"

Na ce, "Yayarsu."

Ta ce, "Yayar su wa?"

Na duba ko akwai wata tsohuwar da za ta karɓe ni, sai na ga duk yara ne, waɗanda suka san ta suna can wajen tukunya. Aka shigo da fanke, hira ta koma wani wajen. Na dawo gida ina ta juya abin a raina. Dabarar nan a tsakar gidana aka haife ta, ga shi ta yi tafiya har ta shiga waya ta dawo da rabinta a karye, ni kuma da na san mai ita ba ni da bakin faɗar sunanta.

Bari in koma baya in faɗi yadda abin ya samo asali.

Tun tana ƙarama ba ta kallon kaza yadda sauran yara suke kallo. Idan an yanka kaza a gidanmu, akan wanke hanjin a naɗe shi a ƙafa a jefa cikin miya, yara su yi ta rigima a kan wa zai samu. Ita kuwa tun kafin a wanke take tsugunawa kusa da ni, ta ce in tsaga mata ta ga ciki. Iya takan ce, "Ke dai ci za ki yi ko duba za ki yi mana?" Ita kuma ta ce, "Iya, in na gama dubawa zan gaya miki ranar da haƙoranki za su dawo." Haka suke, kaka da jika, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Da ta gama sakandare ta tafi kwalejin aikin gona ta karanta kiwon dabbobi. Mutanen gari sun zaci ofis za ta zauna a Kano. Sai ta auri wani malamin firamare a Kura, ta zauna kusa da mu, ta haɗa matan ƙauyenmu da na ƙauyukan gefe suka yi ƙungiya, kowace ta gina ɗan ɗakin kaji a bayan ɗakinta. Ba kajin gida masu yawo a bola ba, kajin gidan gona, farare masu saurin girma, waɗanda ba su san wahala ba.

Shekarar da nake magana, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Duk wanda ya yi shi bai manta ba. Kafin azahar ƙasa ba ta takuwa, ruwan buta kamar an ɗora a murhu. Matan ƙungiya sun zuba 'yan tsaki da nufin su isa sayarwa da Sallah, wasu da kayan Sallar yara suka dogara a kai, wasu da kuɗin makaranta. Azumi ya kai tsakiya, kaji sun yi nauyi gwanin sha'awa, sai suka fara faɗuwa. Ba da dare ba, ba da asuba ba, kullum tsakanin azahar da la'asar, kuma manyan ne suke fara tafiya. Za ka ga kaza ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, tana zawo kamar ruwa, kafin ka juya ta kife.

Abin da muka sani a lokacin shi ne kafso ɗin nan ja da yalo. A ɓare a zuba a ruwa. Idan ba su daina mutuwa ba a ƙara. Wasu su daka barkono, wasu su ce baki ne ya kama kajin, a nemo turare. Wadda ta fi kowa asara ita ce Saratu, wata gwauruwa Kirista daga wajen Bunkure, wadda take riƙe da jikoki marayu, kajin nan kuma su ne gonarta.

Yayarsu ta zo a bayan babur da tsakar rana, da azumi a bakinta, leɓenta ya bushe. Ta tara mu a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Ta sa aka kawo kaza guda cikin waɗanda suka mutu a ranar, ta kuma sa aka yanka lafiyayyiya guda daga nata kajin. Ta zare hanjin kowacce, ta tsaga, ta ɗauraye, ta shimfiɗa su a faranti gefe da gefe. Ta ce mu matso mu taɓa. Na lafiyayyiyar yana da kauri, cikinsa da laushi kamar sabon tawul. Na wadda zafi ya kashe ya yi ja, ya yi sirara kamar jiƙaƙƙiyar takarda, yatsa yana shiga ya huda.

Ta ce, "Kun san kaza ba ta gumi. Idan zafi ya dame ta, jininta ne yake gudu zuwa fata da fukafukai don ya sha iska. Kamar dai a ce an toshe ruwan kanal daga gonar Baba an juya shi gonar maƙwabci. Gonar da aka bari ba ruwa ita ce hanjin nan."

Sannan ta juyo wajena. Ba ta cika yi mini magana a cikin mutane ba, ita ma tana da tata kunyar. Ta ce, "Inna, ina abin tatar kokonki?" Na aika aka ɗauko, da sabon da tsohon da na ajiye don goge tukunya. Ta ɗaga su sama rana tana ratsa su. Ta ce hanji abin tata ne. Idan yana da lafiya, gasara ce kawai take wucewa cikin jiki, dusa da datti su tsaya. Idan zafi ya cinye shi ya koma kamar tsohon nan, komai wucewa yake, har da ƙwayoyin cuta, su shiga jini. Ta ce kuma cikin hanjin akwai wasu ƙananan halittu masu amfani da ido ba ya gani, su ne masu gadin wurin, ja da yalo kuma ba ya bambance mai gadi da ɓarawo, duka yake sharewa.

Ni dai a ranar na fahimci abin da aka tura ta makaranta ta koyo. Da abin tatar kokona ta koya mini.

Daga nan ta faɗi abin da za a yi. Ta ce narkar da abinci ma wuta ce a cikin jikin kaza, don haka a ba su su ƙoshi tun da asuba gari da sanyi, da hantsi ya ɗaga a kwashe abincin gaba ɗaya, kada a mayar sai la'asar ta yi sanyi. Ruwa kuwa kada ya yanke ko kaɗan, kuma daga randa, ba daga jarkar da ta kwana ta yini a rana ba. A shimfiɗa kara a kan rufin kwano, a rataya jiƙaƙƙun buhuna ta inda iska take shigowa, a rage cunkoso. A cikin ruwan a riƙa sa garin bitamin na shagon maganin dabbobi, irin wanda aka yi don zafi. A cikin abincin a barbaɗa garin zogalen da aka shanya a inuwa. Ja da yalo kuma a ajiye shi sai likitan dabbobi ya duba ya ce a ba.

Iya ce ta fara magana daga kan tabarmarta.

"Yau na ji ikon Allah. Kajin ma an wajabta musu? Su a ina suka ga wata?"

Mata suka fashe da dariya. Saratu ta ce, "Ni fa kajina ba Musulmi ba ne, 'yar nan."

Yayarsu ta ce, "Gwaggo Saratu, ranar nan da ta fito ba ta tambayi kowa addininsa ba. Kuma nasu azumin da shan ruwa ake yi."

Iya ta ce, "Azumin da ake shan ruwa? To rubuta sunana, ni ma na koma kaza."

Daga bakin Iya sunan ya fito, azumin kaji. Da wasa aka raɗa shi, kuma duk wadda take wurin ta san da ruwa ake yi, don a kan ruwan aka yi dariyar. Yanzu azumin mutane ya ja baya ya koma lokacin da gari bai gama zafi ba, masu tasowa ba su ga shekarar ba, ba su ji dariyar ba, sunan kawai suka tsinta.

Ba a karɓi maganarta a ranar ba. Yaya za a ce kazar da kake so ta yi ƙiba ka ɗauke mata abinci? Wata ta ce yarinya ce, karatu ne yake ɗibarta. Ba ta yi musu da kowa ba. Tana da nata kajin a bayan ɗakina, don gidansu na Kura haya ne ba fili. Sai ta sa aka raba ɗakin biyu da zana. Gefe ɗaya ta bar su yadda kowa yake yi, gefe ɗaya ta sa su azumi. Ta ce duk mai so ta zo ta leƙa, ƙofa a buɗe take. Na ce mata, "Waɗannan na gefen fa, kina kallo za su mutu?" Ta ce, "Inna, idan nawa ba su mutu an gani ba, na Gwaggo Saratu ne za su ƙare."

A nan ne kuma ruwan tsamina ya shigo. Duk mai yin koko ta san ruwan da yake taruwa a saman gasara idan ta kwana, wanda muke tsiyayewa mu dama da shi ko mu zubar. Wata rana da asuba ina tsiyayewa ta tare ni da roba. Ta ce a makaranta an koya musu wani gari da ake sayarwa, mai ɗauke da halittun nan masu gadin hanji, amma ba a samunsa a nan kusa, in an samu ma ba na talaka ba ne. Ta ce abin da yake sa gasara tsami dangin waɗannan halittun ne. Na ce, "Kin tabbata?" Ta ce, "Ban tabbata ba, Inna. Shi ya sa zan fara da nawa." Wannan hali nata yana cikin abin da na fi tunawa. Ba ta jin nauyin cewa ban sani ba.

Ranar farko ta zuba da yawa a ruwan shansu, kaji suka sunsuna suka ƙi sha. Ta zubar da sauri ta sake sabon ruwa, ta zauna a bakin ƙofa tana yi wa kanta dariya. Ta yi ta ragewa har ta kai inda in ka ɗanɗana da kyar za ka ji tsamin. Ta ce kuma sabo kawai, na jiya zuwa yau, wanda ya fara wari ba na kaji ba ne, na kwata ne.

Kullum gari na wayewa tana ɗakin kajin a tsugune da tsinke, tana tona kashinsu tana dubawa. Iya ta leƙo ta ce, "An sayar da akuya an kai ki makaranta, kin dawo kina limancin kashi." Ta ce, "Iya, kaza ba ta da baki, ta nan take gaya mini yadda ta kwana." Ita ta koya mini kallonsa. Na mai lafiya a dunƙule yake da ɗan fari a kai kamar hula. Na wadda hanjinta ya gaji ruwa ne, wani lokaci da kumfa, wani lokaci ka ga ƙwayar abincin ta fito yadda ta shiga.

Ba a daɗe ba bambanci ya fito fili. Ba zan ce mutuwa ta tsaya cak a gefen masu azumi ba, don ba ta tsaya ba, kuma ita da kanta ba ta yarda a faɗi haka ba. Amma ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa musu a bushe yake, suna tashi su ci da la'asar kamar an sako yara daga makaranta. Ɗaya gefen kuwa ƙasa a jiƙe, wari, kullum sai an fitar da gawa. Saratu ce ta fara zuwa. Ta tsaya ta leƙa nan ta leƙa can, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure ƙugu ta ce a ba ta ruwan tsami a galan. Da matan suka gama gani, Yayarsu ba ta ƙara yini ba ta cire zanar, ta ce sauran ma sun sha wahala ya isa.

Ana jajibirin Sallah Saratu ta shigo gidanmu da kaza figaggiya a cikin kwano, da hanjinta daban a ganye. Ta tsaga shi a gabanmu da kanta, ta ce mu taɓa. Tawul ne, sabo. Ta kama hannuna ta ce, "Hajara, kin haifi 'ya." Na kawar da kai na ce, "Wa? Wannan mai wasa da kashin kajin?" Yayarsu tana bakin murhu tana jin mu, na ga kafaɗarta tana rawa don dariya. Ta san abin da nake nufi. Mu haka muke yabon ɗan fari. Da Saratu ta tafi ta ce, "Inna, ruwanki ne fa ya yi aikin." Na ce, "Ni koko na sani." Ta ce, "To ai shi ne."

Ta ƙara ganin bazara ɗaya bayan wannan, ta zaga ƙauyuka har wajen Dawakin Kudu tana nuna wa mata hanji a faranti. Da damina ta sauka zazzaɓi ya kama ta tana da tsohon ciki. Aka kai ta asibiti a Kano. Ba ta dawo ba, ita da abin da ke cikinta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Mijinta mutumin kirki ne, ya yi wani auren, har yau yana zuwa gaishe mu da Sallah. Kajin nata ni na ci gaba da su.

Sau da yawa idan ina kwashe musu abinci da hantsi nakan tambayi kaina, da za ta leƙo yau me za ta ce? Na san za ta yi murna da fankar sola da wasu suka sa a ɗakin kaji, don ta sha faɗin cewa rana ce take kashe su, ya kamata rana ta biya diyya. Za ta yi murna da ganin garin nan mai halittu masu gadin hanji yanzu ana samunsa a shagunan Kura. Amma na san za ta tsaya ta juya ledar ta karanta bayanta, ta tambayi mai shago tun yaushe take rataye a rana, don ta ce abu mai rai ne, zafin da yake kashe kaza shi ma yana kashe shi. Za ta ɓata rai idan ta ga masu haɗa ruwan tsami da ja da yalo a mazubi ɗaya, wai don ƙarfi ya haɗu, alhali ɗaya yana kashe ɗaya. Za ta sunsuna dusar shinkafar da ake tarawa a injin casa har ta yi ɗaci da fumfuna, ta ce wannan ba abinci ba ne, wuƙa ce a hanji. Kuma za ta ce wa masu cewa zogale ya isa komai su je su yi wa kajinsu rigakafi, don ita ba ta taɓa cewa ganye yana maye gurbin allura ba.

Zafin ma kamar ya ƙaru a kan na shekarar. Ko tsufa ne ya sa nake ganin haka, ban sani ba.

Wayar kuwa ba na jin za ta yi faɗa da ita. Mai son abu ya yaɗu ce. Ina jin da ita za ta riƙa aika wa mata hoton hanji. Abin da zai dame ta shi ne a faɗi rabin magana, a bar kaza da ƙishirwa da sunan dabararta.

Bayan taron sunan nan na unguwarmu da 'yan kwanaki, ina tace gasara da yamma, sai ga Zainab ta yi sallama, idonta ja, da kaza a cikin buhu. Ta ce ta yi musu azumin yadda ta gani, ta ɗauke ruwa da abinci, kafin la'asar manyan duk sun kife. Kajin na kayan ɗakinta ne da ta sayar ta zuba, mijinta bai ce komai ba, shirun nasa ne ma ya fi damunta. Ta ce, "Inna, ki yafe mini, kin faɗa ban ji ba." Na ce babu laifi tsakaninmu, ta kawo faranti.

Ban taɓa yi da kaina a gaban wani ba. Na zare hanjin na tsaga na ɗauraye. Na ce ta taɓa. Na ɗauko abin tata sabo da tsoho na ɗaga mata a rana. Na gaya mata maganar kanal da gonar maƙwabci, na gaya mata maganar mai gadi da ɓarawo. Na ba ta labarin Iya da azumin da ake shan ruwa, har ta yi dariya da hawaye a fuskarta. Na zuba mata ruwan tsami a roba don ragowar kajin, na nuna mata iya yadda ake sawa. Ina magana ina jin kamar ba muryata ba ce.

Da ta tashi tafiya ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Inna, don Allah wace ce ita? Ina so in faɗa wa matan gidanmu na Madobi, kada su ce daga waya na ɗauko."

Shekara talatin da wani abu bakina bai saba ba, ba zai saba a yini ɗaya ba. Sai na tuna ashe akwai abin da aka koya mini a zauren mai unguwa wanda iyayenmu ba su samu ba. Su in bakinsu ya yi nauyi shi ke nan. Na karyo tsinken tsintsiya, na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta harafi shida. Zainab ta sunkuya ta karanta da ƙarfi. Maigidana yana alwala a gindin randa, na ga ya tsaya da buta a hannu, ruwa yana zuba bai sani ba. Tun rasuwar Iya ba a ji sunan nan a tsakar gidanmu ba.

Zainab ta ce, "Shi ya sa ba kya taɓa cewa da... sai ki ce da asuba, da hantsi, da wayewar gari?" Na ce, "Je ki, kajinki suna jiran ruwa."

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba, ba a sa sunanta a jikin wani gini ba. Abin da ta bari shi ne kajin Saratu da har yau suke ciyar da marayu, da randa a bakin ɗakunan kaji daga nan har Bunkure, da matan da suka daina zargin bakin maƙwabta suka koma duban kashi da tsinke. Na auna na ga ba kaɗan ba ne. Amma ƙasar da na yi rubutu a kai kaji sun tone ta kafin magariba, shi ya sa na nemi takardar da ta fi ƙasa daɗewa.

Mai karatu, idan kana da kaji a bazarar nan, ka ɗauke musu abinci da rana, amma kada ka ɗauke musu ruwa. Idan an tambaye ka wa ya ce, kada ka ce waya. Ka ce wata yarinya ce daga ƙauyen Kura, 'yar mai koko, kuma ka yi mata addu'a. Ni har in koma ga Allah ba na jin bakina zai iya faɗa, amma hannuna ya iya.

Sunanta Safiya.